Rupi Ɗayar da Tarsem Ya Ɓatar

A cikin samarin Jandwala da suka tafi Doha neman kuɗi, babu wanda ya dawo da kaya kaɗan da baki mai yawa kamar Tarsem. Wasu sun dawo sun ɗora bene a kan gidan ubansu, wasu sun sayi tarakta. Shi akwati ɗaya ya sauko da shi daga bas, da baƙin tabarau, da wata jar kwat mai maɓallai ruwan zinare, wadda ya ce ta manajan nishaɗin baƙi ce a wani babban otal. Duk wanda ya taɓa zama a can ya san kwat ɗin, ita ake sa wa masu ɗaukar jakunkuna daga bakin ƙofa zuwa ɗaki. Amma ba kowa ya sani ba a Jandwala, waɗanda suka sani kuma sun fi son su zuba ido su ga inda abin zai tsaya.

Tun da ya dawo bai da aiki sai barci da kushe gari. Ƙuda sun yi yawa, wuta ba ta zama, shayin ma ba a iya dafa shi ba. Yayansa Kewal, mai shagon facin taya a bakin tasha, shi ke ciyar da gidan tun rasuwar ubansu, kuma haƙurinsa ya zo wuya. Wata safiya ya tsaya a kan Tarsem yana kwance a gadon igiya, ya gaya masa cewa da an gama baikon ƙanwarsu Raji, ko ya nuna sana'ar da ke kawo kuɗi, ko ya zo shago ya kama famfon iska.

Tarsem ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna masa. Ya kira shi da sunan da suke kiran yaya, ya ce, "Paji, dubi hannun nan da kyau. Wannan ya yi maka kama da hannun da zai shiga cikin taya?"

Kewal ya ce ya yi masa kama da hannun da ke shiga cikin kwanonsa safe da yamma.

Amma Tarsem yana da shiri. Dabo zai yi, irin na manyan wurare, ba irin na masu wasa da biri a kasuwa ba. A garin kuwa duk wanda ke son ya ci abinci a harkar biki sai ya bi ta hannun Balkar Singh, wanda ake kira Sardar ji don girmamawa, mai ba da hayar rumfuna da kujeru da lasifika. Wanda Balkar ya ce a ɗauka, ko makaɗi ne ko mai girki, shi ake ɗauka. Tarsem ya yi ta sintiri a shagonsa har mutumin ya gaji, ya ce, "Ni zan kafa rumfa a baikon ƙanwarka. Ka yi abin naka a can. In dangin ango suka tafa maka, ka zama nawa har ƙarshen lokacin bukukuwa. In ba su tafa ba, kada ka ƙara zama mini a kan kujerar haya."

Duk jarin Tarsem wani tsohon kacici-kacici ne da ya ji a ɗakin kwanan ma'aikata. Mutum uku suka kama ɗaki a otal kan rupi talatin, kowa ya ba da goma. Can mai otal ya tuna ashirin da biyar ne kuɗin ɗakin, ya ba yaronsa biyar ya mayar musu. Yaron ya soke biyu a aljihu, ya ba su ɗaya ɗaya. To kowa tara ya biya ke nan. Tara sau uku ashirin da bakwai, a haɗa da biyun yaro, ashirin da tara. Ina rupi ɗaya ta shiga?

Ba ta shiga ko'ina ba. Biyun yaro tana cikin ashirin da bakwai ɗin, an ƙirga ta sau biyu ne don a ruɗa mai sauraro. Ashirin da biyar na wurin mai otal, uku sun koma, biyu na aljihu, talatin cif. Sai dai wanda ya ba Tarsem labarin an kira shi aiki kafin ya kai nan, shi kuma Tarsem bai taɓa tambaya ba. Ya yarda har zuciyarsa cewa duk lokacin da aka yi wannan lissafi, rupi ɗaya tana barin duniya. Dabararsa ita ce ya yi abin da kuɗin gaske a gaban jama'a, in rupin ta ɓace, ya zaro wata da ya ɓoye a hannun riga daga kunnen wani. Har ya riga ya sa asarar rupi ɗaya ta kowane wasa a cikin farashin da zai gaya wa Balkar.

Gwajin farko a teburin mai shayi ya yi shi, inda tsofaffi uku, Piyara da Gurdas da Bhola, suke zama tun kafin a haife shi. Ya zo da jar kwat cikin zafin rana, ya share tebur da hankici, ya ce su ne baƙin otal, kowa ya kawo goma.

Piyara ya zaro talatin ya ajiye, ya ce ga ta su duka.

Gurdas ya ture kuɗin. "Ina zaune da raina za ka biya mini ɗaki? Mai da abinka aljihu, kai da ko haƙori ba ka iya sa wa kanka ba."

Bhola kuwa ya ɗora hamsin a kan na Gurdas ya danne da tafin hannu.

Tarsem ya yi ta bayani cewa babu wani ɗaki, wasa ne, kuma wasan ba ya yiwuwa sai kowa ya biya nasa. Tsofaffin suka dube shi kamar ya yi tusa a wurin ibada. Bhola ya tambaye shi ko haka suke yi a Doha, abokai su zauna kowa ya ciro tasa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Gurdas ya ce shi ya sa ya dawo a rame. Kafin Tarsem ya samu amsa, Piyara ya riƙe hannun Bhola yana ƙoƙarin cusa masa hamsin ɗinsa a aljihu, Gurdas ya miƙe zai kai kuɗi wurin mai shayi ta bayan fage, ƙafarsa ta harɗe da ta benci, bencin ya daki teburi, tukunyar madara ta kife. Mai shayi ya biyo Tarsem da ludayi har bakin titi, yana cewa shekara da shekaru mutanen nan suna faɗan biyan kuɗi a wurinsa ba a taɓa zubar masa da madara ba sai da manaja ya zo.

Tarsem ya ce matsalar maza ce, girman kai ya yi musu yawa. Ya koma gida ya tara mata a tsakar gida: uwarsu, wadda suke kira Bibi, da Santosh matar Kewal, da Raji mai baikon. Ya ba su labarin tukuna don su gane.

Bai wuce jimlar farko ba Bibi ta tsayar da shi. Su waye mutanen, kuma me ya hana su sauka gidan dangi? Namijin da ya je gari ya kwana a otal, ko ba shi da kowa ko yana da abin ɓoyewa. Santosh ta ce ɗakin talatin ai sai dai na awaki, kuma mai otal ɗin da ya karɓi kuɗi ya mayar da biyar da kansa ba zai kai baɗi ba. Da aka zo kan yaron da ya soke biyu, Bibi ta tausaya masa, ta ce wataƙila ba a biyansa da kyau, ta tambayi ɗan gidan wa ne.

Raji tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Paji, yaron otal ɗin nan, jar kwat yake sawa?"

Tarsem ya tattara hankicinsa ya ce ba za a iya yi wa mutanen gidan nan abin wayewa ba.

Duk da haka ya ƙaru da abu ɗaya: abokai ba za su raba kuɗi ba, don haka ran baiko maƙiya zai nema. Wannan kuwa ba ya wahala a danginsu. Abin da ya rage masa shi ne kwandaloli, shida yake bukata na rupi ɗaya ɗaya, biyar na canji da ɗaya ta hannun riga. Nan ya gane garin ya canja a bayansa ta wani wajen da bai lura ba. Kwandalar rupi ɗaya ta yi ƙaura daga kasuwa. Mai kanti ya ba shi minti a madadin canji. Mai magani ya ba shi alewar tari. Kwandastan bas ya ce sai an sauka, da aka sauka ya ce sai gobe. Tarsem ya zagaye gari yana sayen ashana da allura da abin da ba ya bukata, ya dawo aljihu cike da kayan zaƙi. Ya ce to bari ya saba hannu da minti kafin a samu kuɗin. Mintin ya narke a hannun kwat, washegari ya sa ta tururuwa suka bi shi har hammata, ya fito tsakar gida yana tsalle yana tuɓewa, maƙwabta na leƙe ta kan katanga suna tambaya ko wannan ne dabon.

Ranar baiko ta zo ba shi da kwandala ko ɗaya. Balkar ya kafa rumfa mai launin ruwan hoda a ƙofar gida, an jera kujeru, ana soya abinci a baya. Dangin ango suka iso, ana ta gaisuwa da rungume-rungume, Tarsem yana ɗakin Bibi gaban madubi yana gyara gashin baki. A nan idonsa ya faɗa kan faranti.

Ambulan ne jajaye guda shida, na manyan dangi, an ajiye su kafin lokacin da za a zuba wa ango a cinya. A jikin kowane an manna kwandalar rupi ɗaya da gam, tana sheƙi. Kowa ya san kuɗin shagun, kyautar albarka ta biki, ba a ba da shi cif. Ɗari biyar da ɗaya ake bayarwa, ko dubu da ɗari da ɗaya. Ɗayar nan ita ce ke nuna zumunci bai ƙare ba, akwai saura a gaba. Kuɗi cif gidan makoki ake kai shi. Tarsem ma ya sani, ai a garin aka haife shi. Amma ya ce a ransa camfin ƙauye ne, kuma ba sata zai yi ba, aro ne na ɗan lokaci, kafin a sha shayi ya mayar. Ya sa farce ya ɓamɓare su duka shida, ya kife ambulan ɗin a kan fuskarsu, ya tura ɗaya cikin hannun kwat.

Da aka ci aka ƙoshi, ya karɓi makirfo. Ya gabatar da kansa da cewa ya yi wa attajirai da jakadu wasa, amma yau don ƙanwarsa zai yi kyauta. Ya kira baƙin otal uku: Taya Sohan Lal, wan babansa, da kawunsa Banarsi, waɗanda ba sa ga maciji da juna tun wata rigimar injin ban ruwa, sai kuma Hukam Cand mijin gwaggonsa, wanda suke kira Fuffar, shi kuwa yana fushi da kowa tun bikin Kewal, da aka zuba wa makaɗa abinci kafin shi. Da aka ce kowa ya kawo goma, kowannensu ya zaro tasa da sauri, yana harara don kada a yi zaton ya biya wa na kusa da shi. Tarsem ya ji kansa ya yi girma. Abin da ya gagara a teburin mai shayi ga shi ya yiwu.

Ya naɗa Balkar mai otal don ya faranta masa, ya miƙa masa takardun goma uku, ya ƙara masa da kwandala biyar na canji. Saura yaron otal. Ya waiga ya hango wani dattijo da tsohuwar farar riga da silifas a gefen rumfa, yana jan igiya yana duba ƙullinta. Ya ɗauka cikin leburorin Balkar ne. Ya je ya kamo shi ta hannu ya jawo shi tsakiya.

Ya ce cikin makirfo, "Wannan shi ne yaron otal. Ku kula da aljihunku, jama'a, ɓarawo ne. Ku dubi idonsa ma kawai."

'Yan yara suka yi dariya. Ɓangaren dangin ango ya yi tsit. Dattijon Des Raj ne, uban ango, mai gonakin da sai an hau babur ake zagaye su, mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya bai taɓa wani abu ba. Kewal ya miƙe daga baya yana yi wa ƙanensa alama da hannu biyu. Tarsem ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa yake, ya ɗaga masa yatsa.

Des Raj ya tsaya inda aka ajiye shi. Aka ce ya karɓi biyar daga mai otal, ya karɓa. Aka ce ya soke biyu a aljihu, ya soke, yana kallon Tarsem. Aka ce ya ba baƙi ɗaya ɗaya. Fuffar ya karɓi tasa, ya ga kwandala ce daga hannun uban ango a ranar biki, ya kai ta goshi ya sa a aljihun ƙirji ya maɓalle. Sauran biyun suka yi yadda ya yi. Tarsem ya tuna ba a mayar da irin wannan, amma ya ce zai san dabara daga baya.

Ya yi lissafin da babbar murya, yana ɗaga yatsu. Tara sau uku, ashirin da bakwai. Da biyun ɓarawo, ashirin da tara. Ya buɗe hannuwa ya tambayi jama'a ina rupi ɗaya.

Ya yi tsammanin za a riƙe baki don mamaki. Abin da ya samu shi ne Fuffar ya juya ya dubi Kawu Banarsi sama da ƙasa, ya ce shi dai ya san goma ya bayar, kuma ya san wanda yake tsaye kusa da kuɗin. Kawu ya ce mutumin da ya zo biki da ledar kwasar abinci a aljihu bai kamata ya yi maganar hannu ba. Taya ya ce ai wanda ya iya karkatar da ruwan gonar wani, rupi ɗaya ba za ta gagare shi ba.

Tarsem ya ce, "Taya ji, Fuffar ji, ku dakata, babu wanda ya ɗauka. Ku duba, mai otal ashirin da biyar ce kawai a hannunsa."

Balkar ya buɗe hannu ya duba. "Ni talatin nake gani."

"A cikin labari ashirin da biyar ce, Sardar ji."

"A cikin hannuna talatin ce."

Fuffar ya ce to ga ta nan, ashe ba ɗaya ba ce ma, biyar aka cinye. Wani daga cikin kujeru ya ce ai halin Balkar ne, a bikin ɗansa kujera ɗari aka ce, tamanin ya ƙirga. Wata mata ta ce ita ma an caje ta kuɗin fitilar da ba ta kama ba. Mutane suka fara tuno tsofaffin bukukuwa ɗaya bayan ɗaya. Fuskar Balkar ta yi ja har ta kusa kamo launin kwat ɗin Tarsem. Ya watsa takardun goman a kan tebur, kowane dattijo ya wafce ɗaya.

Tarsem ya ga in bai fito da rupin yanzu ba wurin zai watse. Ya nufi ango, Ashwani, wani saurayi mai kunya da ke zaune a kan kilishi da mayafi shimfiɗe a cinya. Ya sanar cewa kuɗin yana kunnen ango. Ya kama kunnen dama, ya girgiza hannun kwat. Babu abin da ya faɗo. Ya ƙara girgizawa. Ya ce ashe na hagu ne. Ya zagaya ya kama na hagu, yana karkaɗa hannu kamar wanda kunama ta harba, kan ango yana bin hannun gaba da baya.

Ashwani ya ce a hankali, "Paji, da zafi."

Tarsem ya ce ya yi haƙuri, ta kusa fitowa. Uwar ango, Kaushalya, ta miƙe ta tambaya ko a gidan nan haka ake karɓar suruki, a kira ubansa ɓarawo a ja masa kunne. Sai a lokacin Tarsem ya san wanda ya jawo tsakiyar fili. Ya saki kunnen.

Bibi, don ta kashe wutar, ta ce a bar wasa haka, lokacin shagun ya yi. Ta aika Santosh ta ɗauko faranti. Tarsem ya buɗe baki, makirfo ya yi ƙara, ya rufe. Bibi ta ɗauki ambulan na farko a kife yadda yake, ta sa a cinyar ango, ta shafa kansa. Kaushalya, da ke tsaye a bayan ɗanta tana tattarawa, ta ɗauka ta juya shi. Inda kwandala take sai wani farin tabo zagayayye, takarda ta ɗaye. Ta miƙa hannu kan farantin ta juya na biyu, ta juya na uku, har na shida. Matan da ke kusa suka leƙa, suka kama baki.

Kaushalya ta dubi Bibi, murya ƙasa ƙasa, ta ce, "'Yar'uwa, wa ya rasu a gidan nan ba a gaya mana ba?"

Bibi ta zauna a ƙasa. Fuffar ya ture mutane ya ɗauko nasa ambulan, ya ɗaga shi sama, ya ce da hannunsa ya manna, wannan makirci ne aka shirya don a ce shi ne ya kawo wa yarinya mugun fata. Ya ce a kira masa matarsa, tafiya za su yi. Idanu suka fara komawa kan Tarsem ɗaya bayan ɗaya, don mutum ɗaya ne ya yi ta rabon kwandaloli a garin da ko mai kanti ba shi da su.

Tarsem ya ce an yi masa ƙazafi. Ya ce shi mutum ne da aka ba amanar jakunkunan manyan mutane, wato ofisoshinsu. Ya ɗaga hannun dama sama zai rantse, hannun kwat ya zame zuwa gwiwar hannu. Ga kwandala nan manne a fatarsa, gam da gumi sun riƙe ta gam, da guntun jar takarda a bayanta.

Wata dariya ta kuɓuce daga ƙarƙashin mayafin Raji. Ita kaɗai ce ta yi.

Kewal ya zo ya kama hannun ƙanensa, ya ɓamɓare kwandalar tare da gashin da ke wurin, bai ko dube shi ba. Daga nan ya je ya durƙusa ya taɓa ƙafafun Des Raj. Taya ma ya zo ya haɗa hannuwa. Dattijon ya bar su suka yi ta roƙo har gwiwar Kewal ta gaji, yana cewa shi ɓarawo ne, an faɗa a lasifika, kuma bai taɓa jin ɓarawon da ya mayar da kaya ba. Can ya sa hannu a aljihu ya ajiye biyun a faranti. Ya ce don yarinyar ya yi, tunda ita kaɗai ce a gidan ta san abin dariya in ta gani. Amma ran aure, in ya ga jar kwat ɗin nan kusa da makirfo, zai juya da motocinsa.

Saura uku, suna aljihun dattawan. Kowannensu ya ce abin da aka ba shi a biki ba ya mayarwa, sai dai wancan ya fara. Aka yi ta jan magana har Santosh ta kawo dafaffiyar shinkafa a cokali, ta ce ba mayarwa za su yi ba, kowa ya manna a nasa ambulan da hannunsa. Suka manna, kowa yana juya wa ɗan'uwansa baya. Aka zuba wa ango a cinya, kunnuwansa biyu jajaye. Fuffar ya tafi cikin fushi kamar yadda ya yi alkawari, bayan ya sha shayi kofi biyu an kuma ɗaure masa kayan zaƙi.

Da la'asar baƙi sun watse, leburori suna naɗe rumfa, Tarsem ya tarar da Balkar a tsaye kusa da motar kaya. Ya gyara kwat, ya ce duk da 'yan matsalolin da aka samu, Sardar ji ya dai ga yadda ya riƙe jama'a, babu wanda ya yi gyangyaɗi, babu wanda ya tashi kafin a gama. Ya ce makaɗa nawa ne za su iya haka.

Balkar ya ce bai ji tafi ba.

Tarsem ya ce an yi dariya.

Balkar ya ce mutum ɗaya ce ta yi, kuma ba daga dangin ango take ba. Ya ce tun yana saurayi yake kafa rumfa a garin nan, ba a taɓa tsayar da shi a ƙarƙashin tasa rumfar a yi masa shari'a ba sai yau. Tarsem ya ce to ko wani aikin ne, shi ba mai girman kai ba ne, zai iya tsayawa ya ƙirga kujeru ana lodawa. Balkar ya shiga tsakaninsa da kujerun.

Ya daɗe yana kallonsa, daga tabarau har takalmi. Sannan ya nuna bayan motar da haɓa.

Ya ce, "Ka ga tayar can ta baya? Tana sacewa. Gobe da safe zan aiko da motar shagon yayanka. In kana son ka yi mini aiki, ka jira ta a can."